Sunan da Bai Goge Ba

"Tsaya nan, zan hau tudun can in ɗauki hoto," in ji Marisol, baƙuwar da ta yi shatar mota daga Reykjavik, babban birnin Iceland.

Direban, Tsoho Eyvindur, ko birki bai taɓa ba. "Ba mai taka gansakukar da ta lulluɓe tudun nan a gabana, Marisol. In aka ƙwaƙule ta, sai ta shekara hamsin ba ta tofo ba."

"Zan sa kamfaninku ya kore ka."

"Ga waya, kira su."

Ta nuna wasu manyan haruffa a jikin tudun. "Wani ma har sunansa ya ƙwaƙule!"

"Karanta shi."

Ta karanta, sannan ta dubi katin shaidar da ke ƙirjinsa, ta ga suna ɗaya ne.

"Ina ɗan shekara sha bakwai na yi shi," in ji shi. "Kullum sai na wuce ta nan."