Ƙwan Majigin Rufa'i

Ƙwan fitilar majigin ya fashe ne daidai lokacin da jarumin fim ya zaro takobi. Tas! Farin zanen ya yi duhu, rumfar ta kaure da ihu, wani ɗan ƙauri ya taso daga bayan majigin kamar an manta soye-soye a wuta. Rufa'i ya ɗora hannu a ka, masu kallo na ficewa suna zaginsa. Ba yau aka fara ba.

Kafin wannan sana'a, noma Rufa'i yake yi a bayan Kwanar Dangora, da 'yan shanu kaɗan a gida. Zuwa Kano sau ɗaya ya ga majigi, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Bai yi shawara da kowa ba ya kora jar saniyar nan mai farin goshi kasuwa, ya haɗa da buhunan masara, ya dawo da tsohon majigi da ƙaramin injin wuta. Ya toshe wata rumfar kwano da tabarmi don ta yi duhu, yana nuna finafinan Indiya duk ranar kasuwa bayan la'asar. Matarsa Tasalla kuwa na dama fura da nono, ana kai wa masu kallo bakin ƙofa, ita ce kuma ke share rumfar da sassafe.

Tsohon da ya sayar masa da majigin gargaɗi ɗaya ya yi masa: ƙwan nan ba ya shiri da maiƙo. Ko zufar yatsa ce ta taɓa shi, da ya ɗauki zafi sai ya tarwatse. Rufa'i ya riƙe maganar gam. Da farin ƙyalle yake kama ƙwan, yana barinsa ya huce kafin ya motsa shi, kuma ya dinga maimaita gargaɗin a gida har kowa ya haddace.

To me ke fasa shi? Rufa'i bai wahalar da kansa ba wajen neman amsa. Shitu ne, mai majigin Tudun Wada, wanda tun da aka buɗe rumfar Kwana 'yan kallonsa suka ragu. Wa kuma zai yi masa haka?

Da farko ya ɗauka Shitu ne ke turo wani ya taɓa ƙwan. Sai ya daina barin majigin a rumfa. Ya sa shi cikin akwatin ƙarfe, ya tura ƙarƙashin gadon Tasalla, bayan jerin ƙoren nononta da tukunyar man shanu. Ɗakin matar aure ne, ko ƙaninsa iyakarsa zaure.

Ƙwai na gaba ma ya fashe.

“To asiri ne,” in ji Rufa'i, idonsa jawur. “Wallahi sai Shitu ya gane kurensa.”

“Allah ya kyauta, Malam,” in ji Tasalla, ta ci gaba da kaɗa nononta.

Rufa'i ya san sana'ar, don haka ya san inda zai soka. Finafinan Indiya a matse suke zuwa cikin faifai. Akwai wani gilashi da ake ɗaurawa a bakin majigi, shi ke buɗe hoton ya yi faɗi. In babu shi, kowa a fim sai ya koma dogo siriri kamar karan dawa.

Ranar kasuwar Tudun Wada ya sa babbar riga ya je wai gaisuwa. Shitu ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi tabarma, har ya jajanta masa asarar ƙwayaye. Wannan jajen ya fi komai ƙona wa Rufa'i rai. Da Shitu ya fita alwala, gilashin majiginsa ya faɗa aljihun Rufa'i. A hanyar gida ya wurga shi cikin kududdufi, zuciyarsa fes.

Labari ya iso Kwana washegari. Jarumar da samari suka zo gani ta fito kamar aljana, fuska tamkar tsinken tsire. Aka fara da dariya, aka ƙare da jifa. An yaga zanen, an fasa majigin, Shitu da ƙyar ya sha ta katangar baya da rotse a ka. Wai yana ta rantsuwa bai san wanda ya zalunta ba. Rufa'i ya yi dariya har da hawaye.

Yanzu fili ya zama nasa. Ya sayar da babur ɗinsa, abu na ƙarshe mai daraja da ya rage masa, ya je Kano ya sayo sabon ƙwai a kwalinsa. Ya sa aka yi shela har Kiru da Bebeji, ya gayyaci mai gari da kansa. In wannan ya fashe, ya san babu na sayen wani, kuma babu fuskar da zai sake kallon mutane da ita. Amma me zai fasa shi, tunda mai asirin na kwance yana jinya?

Da safiyar ranar ya ɗaura ƙwan da farin ƙyallensa, ya tofa addu'a, ya mayar da akwatin ƙarƙashin gado.

“Ki kula mini da shi. Kada ko ƙuda ya shiga ɗakin nan.”

“Ai kullum ina kula da shi, Malam.”

Ya fita duba rumfa yana 'yar waƙa.

Tasalla ta jira har ta ji ƙarar ƙyauren zaure. Sannan ta jawo akwatin, ta buɗe tukunya, ta lakato man shanu da ɗan yatsa, ta shafa wa ƙwan a hankali kamar yadda ta saba, tana kiran sunan jar saniyar nan mai farin goshi da marigayi mahaifinta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan tana amarya.