Tafin Hannun Sallau

Tun da makarantar likitocin karkara ta fara dasa wa ɗalibanta na'urar jin cuta a tafin hannu, mutanen ƙauyenmu suka daina musabaha da Sallau, wanda ke karatu a can. Kowa na tsoron abin da Sallau zai ji a jikinsa, ga shi ba mu da asibiti.

Da ya zo hutu, Gwaggo Tabawa kaɗai ta kira shi.

"Zo ka yi mini tausa, ɗan nan, bayana ya hana ni sakat."

Ya ɗora hannu, ya daɗe bai motsa ba.

"Me ka ji?"

"Gajiya ce kawai, Gwaggo."

Ta gyara kwanciya. "Haka ka ce wa marigayi Barau bara. Ci gaba da tausar, hannunka da ɗumi."