Mai Haƙar Rijiya da Igiyar 'Yan Kashe Gobara

Tunda ka ce 'yan sa-kan nan masu koyon kashe gobara wasan yara suke yi a bayan kasuwa, bari in ba ka misalin wani mai haƙar rijiya da ya fi ka baki.

Mutumin nan ya shekara arba'in yana shiga rijiya da igiya a ƙugu, har tsufa ya sa ya ajiye diga. Ɗansa namiji guda ne, tela, magidanci mai 'ya'ya biyu. Da gobara ta lashe rumfuna bakwai a kasuwar garinsu, sai magidanta suka haɗa ƙungiya don Allah, suka roƙi wani ɗan kwana-kwana da ya yi ritaya ya riƙa koya musu aikin duk ranar Asabar da hantsi. Tela ya shiga. Da labari ya kai kunnen tsoho sai ransa ya ɓaci. Tsoro yake ji kada wuta ta cinye masa ɗa, amma irinsa ba sa cewa suna tsoro, sai dai su hau faɗa. Ya ɗauki sandarsa ya nufi filin da suke koyon aikin, da niyyar tasa ƙeyar ɗansa gida a gaban kowa.

Ya tarar da su a bakin wani kango. Sun toshe tagogi, sun hura ɗanyen ganyen darbejiya a tsohuwar garwa har hayaƙi ya cika ɗakin, sun ajiye buhun yashi mai nauyin mutum can a ƙurya. Aikin shi ne mutum ya rufe hanci da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗaura masa igiya a ƙugu, ya rarrafa ya lalubo buhun ya fito da shi, wani yana riƙe da igiyar daga waje. Layi kuwa ya zo kan tela ke nan. Tsoho ya buɗe baki zai fara, sai idonsa ya faɗa kan ƙullin da aka yi wa igiyar, nan take ya manta abin da ya kawo shi. Ya ture mahaucin da ya yi ƙullin, ya ce ko akuya ba a yi mata wannan ɗaurin, ya kwance ya sake nasa. Ɗan kwana-kwana ya san halin tsofaffi, sai ya miƙa masa bakin igiyar ya ce, "Baba, tunda gadonka ce, kai za ka riƙe. Amma don Allah kada ka ja sai ka ji ya fizga sau uku."

Tela ya shige, hayaƙi ya haɗiye shi. Igiya ta yi ta zarewa a tafin tsoho, kamu biyar, kamu goma, sannan ta tsaya cik. Nan fa hankalinsa ya tashi. A rijiya, in igiya ta yi shiru, to muguwar iska ta buge na ƙasa, kuma ja ake yi, ba a tsayawa shawara. Duk rayuwarsa shi ne a ƙasa, bai taɓa sanin abin da na sama yake ji ba sai ranar. Ya yi bismillah, ya dage iya ƙarfinsa ya ja. Sai ga tela ya fito da baya yana jan ciki, yana tari, takalmi ƙafa ɗaya, hannu rabbana. Fili ya kaure da dariya, mahauci har da riƙe ciki. Tela ya share hawayen hayaƙi ya ce, "Haba Baba, na same shi fa. Ɗaga shi nake yi ka janye ni."

Ɗan kwana-kwana ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce, "Yau buhu muka bari a ciki. Da ranar gaske ce, jikan wani ne." Tsoho ya bi su da kallo: mahauci, mai shayi, direban motar kasuwa, idanu sun yi jajir, gwiwoyi duk sun kuje, kowannensu da iyali a gida. Wannan hayaƙi ne kawai. Ranar gaske ga harshen wuta, ga azara tana ruftowa, kuma ba wanda ya tilasta musu. Tausayinsu ya kama shi, ya kuma ji alfahari da ɗansa irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce a sake. Tela ya koma ciki, igiya ta zare, ta sake tsayawa cik. Gumi ya keto wa tsoho, bakinsa yana motsi da addu'a, amma bai ja ba. Can ya ji fizga ɗaya, biyu, uku. Ya janyo a hankali, sai ga tela da buhu a ƙirji. Murna ta sa tsoho ya rungume su duka biyun, ɗan da buhun, aka yi ta tafi. Bai hana ɗansa ba, sharaɗi ɗaya ya kafa: duk inda zai shiga, shi zai riƙe masa igiya. Daga nan kowace Asabar shi yake riga kowa zuwa, yana koya musu ƙulli yana yi musu faɗa.

To ka gani, kuskuren uba ya ƙare a kan buhun yashi, hannunsa kuma ya koyi haƙuri tun ranar da ake gudu ba ta zo ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.