Koyil ɗin da Ba a Gaya wa Zafin Bazara Ba

Ja kujera, Injiniya Sagir. Tun ɗazu kake cika mini kunne wai kwamfuta ta ba ka amsar da babu irinta. To, sha ruwa tukuna, in ba ka wani misali.

An yi wani dattijo mai naɗin koyil, wato wayar tagullar nan da ake naɗawa a cikin injin lantarki. Shekara arba'in yana sana'ar, har ido ya fara yi masa gardama, ya koma lambunsa na albasa a bakin kogi. Ana tsakiyar bazara injin da ke ja masa ruwa ya ƙone, ga albasa ta fara ƙwai, in ta kwana huɗu ba ruwa wahalar shekara ta tafi. 'Yarsa kuwa ta karanci lantarki a jami'a, ta ce Baba ya huta, wannan karon nata ne. Ta zuba wa kwamfuta kaurin waya da yawan zagaye, kwamfuta ta yi ta gwadawa, ta ƙara nan ta rage can, sau dubbai, har ta tsaya a kan naɗin da ya fi kowanne ƙarfi. Da uban ya ji adadin zagayen ya san sun yi kaɗan, amma ya dubi murnar da ke fuskar 'yarsa, ya kasa rage mata ita, ya haɗiye maganarsa. Aka naɗa, aka tayar, ruwa ya yi ta ambaliya abin sha'awa. Kafin azahar sai ƙauri, inji ya sake ƙonewa, ga kwana biyu sun riga sun wuce.

Ta zauna a bakin kunyar albasa tana hawaye, kunya da tausayin ubanta sun cika ta. Dattijon bai yi mata faɗa ba, don ya san shirunsa ma yana da rabo a ɓarnar. Ya kama hannunta ya ɗora a kan wani ƙarfe da ke yashe a rana, ta janye da sauri. Ya ce, "Uwata, kin gaya wa na'urar taki wannan?" Ashe ba ta gaya mata ba. Lissafin duka a kan sanyin ofis aka yi shi, ita kuwa kwamfuta baiwar Allah abin da aka tambaye ta kawai take amsawa. Ta koma ta sa zafin gaske da awannin da injin ke yi yana aiki. Sabuwar amsa ta fito, zagayen sun fi na farko yawa, amma ba su kai waɗanda uban ya saba ba. Ya ce a bi nata, sai dai a bar injin ya yi awa guda yana aiki cikin zafin rana kafin a yarda da shi. Aka sake naɗawa, aka tayar, ya ɗora tafinsa a jikin injin har awar ta cika. Sannan ya ce, "Wallahi ya fi nawa sanyi." Kunyoyin gefe sun riga sun bushe, sauran lambun ya sha ruwa ya rayu.

Don haka je ka ƙera abin da kwamfutarka ta ba ka, ka kai shi inda zai yi aiki. Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.