Injin da Ya Ƙi Jin Gyara

Takardar ta zame daga bakin kwantak, makunnin wutar inji, daidai lokacin da layin fulawil, faifan nan mai juyawa, ya haɗu da layin jikin inji. Bakaniken ya yi murmushi. Haka maigidansa ya koya masa saita tsofaffin injinan jirgin ruwa: ka saƙala siririyar takarda a bakin kwantak, ka juya fulawil sannu a hankali, inda takarda ta saki, nan wuta za ta tashi.

Ya ɗaure sukurun, ya tsoma farfela, fankar da ke tura jirgi, cikin duron ruwa, ya fizgi igiya. Tsohon injin ya ɗauka a jan farko, har ruwa ya fantsamo wa budurwar da ta kawo shi.

Ta ja da baya tana dariya, tana kakkaɓe mayafi. "Gyara na kawo, Malam, ba wanki ba."

"Wannan karon ya zauna, in Allah ya yarda."

"Haka ka ce wancan makon."

Nan fa ta sosa masa inda ke ciwo. A duk bakin kogin an san aikinsa ba ya dawowa, sai wannan injin. Ya saita shi tsaf, ta tura shi gida a baro, kwana kaɗan ta dawo da shi, bakin kwantak ya buɗe, wuta ta kauce. Har mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya fara yi masa tsiya: "Oga, hannun ne ya tsufa, ko idon ne ba ya kan aiki?"

Gaskiya idon yakan ɗan bar kan aiki. Tana zama a kan bencinsa, ta tambaye shi wannan me yake yi, wancan sukurun na mene ne, shi kuwa ya yi ta zuba bayani kamar rediyo. Amma da ya zo kan maganar da ke ransa, sai ya koma bayanin sukurori.

Yana sonta da tsafta. Bai taɓa ganin ko silin ciyawa a farfelarta ba, fentin ma ko ƙwarzane babu. Kan sukurun kwantak ne kawai ya ɗan cinye, ya ce tsufa ne. Baƙin man da ke babban yatsanta kuwa, ai mai jan igiyar inji ba ya rasa shi.

Abin da ke hana shi sukuni ɗaya ne: ranar da injin zai mutu mata a tsakiyar ruwa, a ce aikinsa ne. Ya canza kwantak, ya canza fulogi, ya sa wa sukurun sabon washa. Injin ya sake dawowa.

Ranar sai ya yanke shawara. Inji a duro daban, inji a kan ruwa daban. Dole ya gan shi a jikin jirgi. Ya wanke hannu har sau nawa, ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki jakar sifanu, ya bi kwatance har ƙofar gidansu.

Kakarta ya tarar a tsakar gida tana tsintar wake. Ga injin can jingine da bango, an lulluɓe shi da zane mai tsafta. Yana yin sallama, wani labule ya motsa da sauri.

Ya durƙusa ya gaishe ta. "Kaka, jirgin na zo dubawa. A wace mashiga ake ɗaure shi?"

Tsohuwa ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, ta kwashe da dariya har wake na zubewa.

"Au, kai ne angon nawa? Yaro, jirgin kakanta ya ruɓe tun kafin a haife ta. Ni dai abin da na sani, duk ranar da ka gyara wannan ƙarfen, sai ta je ta aro sukudireban maƙwabta."