Sunan Ɗan Fari

Ina firamare wata Bafulatana da ta gudo daga Kamaru ta sauka gidanmu a Yalwawa. Wata la'asar na bi Inna ta raka ta wurin jami'in 'yan gudun hijira, don a nemo mata ɗanta da ya ɓace a hanya.

Jami'in ya ce, "Baiwar Allah, ya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"In ba suna, ina za mu nema?"

Inna ta dafa ta. "Faɗi, 'yar'uwa. Yau ba ranar kunya ba ce."

A hankali ta ce, "Hammadu." Sai ta kasa dainawa, har muka iso gida tana kiransa.

Ban san ko an same shi ba. Har yau in aka kira Hammadu, sai na waiwaya.