Ƙullin Umma

Umma ta danne bakin jakar guzuri da tsintsiyar hannu, ta ja igiyar da haƙori, ta ƙulle tam. Amarya ta kau da kai. Mace da yatsunta goma lafiyayyu, amma ko zariyar wandon jika za ta ɗaure sai ta sa baki. Amarya dai ba ta taɓa tankawa ba, don uwar miji ce.

Auren ya daɗe, har ga 'ya tana gudu a tsakar gida, amma sunan amarya bai sake ta ba, zuciyar Umma kuma ba ta buɗe mata ba. A gaisa, a amsa, kowa ya kama gabansa. Abin da Amarya ke nema bai wuce tsohuwar nan ta dube ta sau ɗaya ta ce "'yata" ba.

Akwai wata ƙungiyar masu tattaki da Amarya take bi ranar Asabar, suna bin tsofaffin hanyoyi suna kallon kufai. Ta sha gayyatar Umma, tunda likita ya ce ta riƙa motsa ƙafa, tsohuwa ta ƙi. Sai ranar da ta ji hanyar bayan dutse za a bi, ta ce a ɗauko mata takalmi, a kuma yi wa yarinya wanka a sa mata sabuwar riga.

Amarya ta ce a ranta yau ce ranarta.

Hanya ce siririya, duk ciyawa ta cinye ta. A wata mararraba jagoran tafiyar ya tsaya yana duba waya, Umma kuwa ta riga ta yi hagu riƙe da jikarta. Da suka iso wata tsohuwar rijiya Amarya ta leƙa, Umma ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Zartsi ne, ba ya shawuwa." Amarya ta yi dariyar neman shiri, ta ce hancin manya daban ne.

Gaba kaɗan ɗakuna suka bayyana a jere, babu rufi, babu ƙyaure. Jagora ya tara mutane ya ce nan ne zangon kutare na da, inda ake ware masu cutar kafin magani ya wadata.

Amarya ta san uwar mijinta da tsafta. Kofinta daban, tabarmarta daban, tana wanke hannu har fata ta yi fari. Sai ta ga ƙofa ta buɗe mata.

Ta fizgo yarinyar daga jikin bango, ta shiga goge mata tafin hannu da gefen mayafi.

"Kar ki ƙara taɓa komai! Tir! Da na san nan za a kawo mu, ai da ban wahalar da ke ba, Umma."

Ta tofar da yawu a bakin ɗakin ƙarshe, wanda ke gindin wata tsamiya, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Irin waɗannan, ko jininsu ban yarda ya raɓi gidanmu ba. Ko ba haka ba, Umma?"

Wasu 'yan mata suka ƙyalƙyale. Umma ta dube ta, dogon kallo irin wanda ba ta taɓa yi mata ba. Amarya ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ɗauka ta samu shiga.

"Baiwar Allah, cutar nan ba ta gado ba ce," in ji jagora. "An haifi yara da yawa a nan, lafiyarsu ƙalau, suna cikin gari da jikokinsu. Ku matso ku ga wani abu."

Ya nuna wani guntun igiya da ya bushe a jikin turken ƙofa, da ƙullinsa har yanzu bai kwance ba. Ya ce matan zangon, da yake yatsu sun tafi, da tasu dabarar. Ya ciro igiya daga aljihu, ya danne ta da tsintsiyar hannu, ya ja da haƙori.

Murmushin ya bushe a fuskar Amarya. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. 

Umma ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta ɗebi ƙasa da hannu ta rufe yawun. Ta tuɓe takalmi a bakin ɗakin, ta gyara wa yarinyar wuyan sabuwar rigarta, ta kama hannun da aka goge, ta taka ciki.

"Salamu alaikum, Inna," ta ce wa ɗakin da babu kowa. "Na daɗe ban zo ba. Ga tattaɓa-kunnenki na kawo miki."